Shekara Tara da Hindatu Ta So Gogewa

Ƙarya ɗaya Abdulmumini ya yi, amma a fuskar Hindatu ta fito.

Ranar da ya kai maganarta gidansu a Bakura, iyayensa mata suka zagaye shi da tambaya. 'Yar wane gida ce? Bazawara ce, to mutuwa ce ko saki? Duk ya amsa daidai: malamar firamare ce a Talata Mafara, mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan. Sai Gwaggo Baraka, yayar mahaifinsa da ta raine shi tun yana goye, ta jefo tambayar da yake gudu.

"Shekarunta nawa?"

"Talatin," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba.

Shekarun Hindatu talatin da tara ne, shi kuma talatin da huɗu. Ga shi shi kaɗai ne namijin da mahaifinsa ya bari, dangi duk sun zuba ido su ga ya cika gidan da 'ya'ya.

A waya ya gaya mata, har da dariyarsa.

"Bakina ne ya suɓuce, Hindu. In an ɗaura aure wa zai sake tambaya? Gwaggo za ta taho ganinki ranar Alhamis ta sama. In ta yarda, kowa ya yarda."

Ita ma ta taya shi dariya, don tana son sa, son da ba ta zaci zai sake samunta a wannan shekarun ba. Amma tana ajiye wayar ta ɗauko madubi.

Layi uku a goshi. Tamoji a gefen kowane ido, wanda ko ba ta yi murmushi ba yana nan. Wasu layuka biyu sun sauko daga hanci zuwa gefen baki. Shekara biyu ta yi tana jinyar miji, shekara goma sha shida tana tsawata wa 'yan aji uku, duk ga su nan a rubuce. Wace tsohuwa ce za ta kalli wannan fuskar ta ce talatin?

Da yamma yayanta Jafaru, wanda take zaune a gidansa, ya kira ta ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida.

"Hindatu, ni ba tilas nika yi miki ba, ke ba yarinya ba ta. Amma wata biyar Alhaji Mamuda na aiko mutane daga Maradun neman aurenki, ina ce musu su dakata. Dattijo ba a aje shi haka kamar buhun gyaɗa."

"Na sani, Yaya."

"Ke da bakinki kinka ce in mutanen Bakura ba su amshe ki ba, kin yarda da na Maradun. Ko na ƙara miki?"

"Ba ka ƙara ba."

"To Juma'a ta sama, bayan an sauko masallaci, za su taho jin amsa. Ba ni ƙara ce musu su dawo."

Ta sunkuyar da kai. Alhaji Mamuda ba mugu ba ne, mai gyaɗa ne mai rufin asiri da yawan shiru. Laifinsa ɗaya, ba shi take so ba.

*

Washegari ta nufi shagon Raliya, 'yar ƙanwar mahaifiyarta, mai sayar da kayan gyaran jiki a bakin kasuwa. Raliya ta ji labari, ta kama haɓa, sannan ta jawo wata 'yar kwalba mai jan ruwa a ciki.

"Wanga asid ne, Yaya."

"Asid? Irin na batir?"

"Haba dai. Wanga na gyaran fata ne. Shi ka cinye matacciyar fata ta sama, sabuwa ta fito, layukan su yi laushi. Amma ki saurara da kyau. Sau ɗaya a mako, da yamma, minti goma ki wanke. Kar ki haɗa shi da dilka, kar ki haɗa shi da lemun tsami. Kuma ki guji rana. Ga man kare rana nan, kullum da safe, ko ƙofar gida za ki."

"Kwana nawa a ga aikinsa?"

"Wata biyu, wasu uku. Ba gogewa shika yi kamar allon makarantarku ba, ragewa dai."

"Kwana tara gare ni, Raliya."

"To kwana tara ba su isa. Ki shafa sau ɗaya, fuskar ta yi haske, sauran ki bar wa Allah."

Hindatu ta ce to. Irin "to" ɗin nan da ake ce wa likita a bakin ƙofa.

Malamar lissafi ce, kuma lissafin ne ya cuce ta. A hanya ta buga shi a kai: wata biyu mako takwas ne, mako takwas shafawa takwas ce. Ashe ba wata biyu abin yake bukata ba, shafawa takwas yake bukata. Tana da kwana tara, har da rarar kwana ɗaya.

Ranar farko ya yi mata ɗan tsikari, ta wanke, da safe fuskar ta yi sumul har wata malama ta tanka. Rana ta biyu ta kai shi minti ashirin. Rana ta uku ya fara zafi, ita kuwa ta ji daɗi, don tun tana yarinya ta taso da sanin cewa zafin magani alamar yana aiki ne. Rana ta huɗu ta tuna babu amaryar da ake zuwa gani ba ta sha dilka ba, ta kwaɓa ta da kurkur da lemun tsami ta murje fuskar, sannan ta bi da jan ruwan.

Ba wauta ce ta yi mata yawa ba, tsoro ne.

A rana ta shida aka yi rasuwa a Maradun, yayar Alhaji Mamuda. Jafaru ya ce ko ana so ko ba a so, ta'aziyya ba ta da alaƙa da aure, dole su je. Ta ɗauki man kare ranar ta mayar, don yana sa fuska ta yi fari-fari kamar kwalliya, kuma wa zai shiga gidan makoki da kwalliya? Gidan ya cika maƙil, inuwa ta manya ce. A tsakar gida ta samu gefen tabarma, tun hantsi har aka kira azahar rana tana dukan fuskarta.

A mota suna dawowa ta ji kamar an watsa mata barkono. Ba ta gaya wa kowa ba. Da ta isa gida ta ga fuskar ta yi duhu, sai ta ce matacciyar fatar ce ta taso, saura a ƙarasa ta. Ta ƙara shafawa.

*

Ranar Alhamis da hantsi Raliya ta shigo ɗakin da sallama, ta tsaya cak a bakin ƙofa, jakarta ta faɗi.

"Innalillahi. Yaya, sau nawa kinka shafa?"

"Bakwai."

Goshi da kumatu sun yi baƙi kamar ƙanzon tukunya. Inda baƙin ya ɗaye, jan nama ne a ƙasa yana tsattsafo da ruwa. Gefen idanun da aka yi abin dominsu sun kumbura, tamojin kuwa yana nan, ya ma fi fitowa.

Raliya ta fashe da kuka.

"Asibiti za mu, yanzu. Wagga fuska ba ta son komi sai ruwan sanyi da abin da likita yac ce. Ki kira Abdulmumini ki ce a ɗage."

"A ɗage zuwa yaushe? Gobe Juma'a."

"To ki hwaɗa mai gaskiya."

"Ɗauko hodarki, Raliya."

"Wallahi in na sa miki hoda a kan wanga ciwo..."

"Na ce ki ɗauko."

Ta ɗauko. Tana shafawa, Hindatu ta cije gefen mayafi don kar matar Jafaru ta ji nishinta. Shafi uku aka yi kafin baƙin ya ɓuya. Daga nesa, a cikin ɗaki mai duhu-duhu, sai ka ce wata 'yar talatin ce ta ɗan cika kwalliya. Suka saki labule, suka ja kujerar baƙuwa nesa da gado.

Abin da ba su sani ba, duk Bakura an san Gwaggo Baraka da hali ɗaya. Ba ta zuwa ganin matar da ɗanta zai aura da safe, ba ta zuwa bayan la'asar. Saura rabin sa'a a kira salla take sallama.

Ƙarfe uku da rabi mota ta tsaya a ƙofar gida. Abdulmumini ne ya tuƙo, ya zauna a waje kamar yadda ya kamata. Gwaggo ta shigo ita kaɗai, 'yar gajeriyar tsohuwa mai carbi a wuya da idanu ƙanana da ba sa tsayawa wuri ɗaya.

Hindatu ta durƙusa har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Gwaggo. An taho lahiya?"

"Lahiya lau, ɗiyata. Ina gajiya? Ina mutanen gida?"

"Lahiya lau. Ya hanya?"

"Hanya sai godiya. Ya haƙurinmu na mai gidanki, ko da an daɗe?"

"Da godiya, Gwaggo."

Aka yi ta yi, har da tambayar damina da 'yan makaranta. Gwaggo ta kurɓi fura ta yaba damun. Ta tambayi sunan kakan Hindatu, ta ce ta san gidan. Zuciyar Hindatu ta fara kwanciya, har ta ji tsohuwar ta shiga ranta.

Sai ladan ya ɗaga murya.

Gwaggo ta ajiye ludayi.

"Alhamdu lillahi. Tashi, ɗiyata, ɗauko muna buta biyu mu yi alwala waje. Ni ban iya alwala cikin duhu."

"Ina da alwala, Gwaggo."

"Sabuntawa lada ta."

Raliya ta yi karaf daga bakin ƙofa: "Ai Gwaggo, Yaya ba ta salla yau."

Tsohuwar ta juya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ita tac ce tana da alwala, ke kin ce ba ta salla. Ku shirya bakinku tukuna. In ma ba ta salla, wanke huska ba zunubi ba na."

Babu sauran wurin ɓuya. Hindatu ta ɗauki butocin, ta bi tsohuwar zuwa bakin magudana inda rana take fes. Ta wanke hannu. Ta kuskure baki, ta shaƙa ruwa, tana jan kowanne kamar za a ce an fasa. Gwaggo ta gama tata alwalar tsaf, ta zauna a kan turmi tana jira.

Ta cika tafin hannu da ruwa, ta rufe ido, ta kai fuska.

Azabar da ta ji sai da ta dafa ƙasa. Hodar ta narke ta gangaro a yatsunta, ruwan ƙasa-ƙasa, da ɓawon fata a ciki. Ta yi na biyu. Ta yi na uku, don alwala ba ta cika da rabin fuska. Sannan ta ɗago.

Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta ja da baya ba. Ta matso ta kama haɓarta da yatsa biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu.

"Wuta ta?"

"A'a."

"Ciwon gado na? Ki hwaɗa min, don jikokina nika tambaya."

"Ba ciwo ba ne, Gwaggo. Magani na shafa, na wuce ƙa'ida."

"Na bilicin?"

"Na rage tamoji."

Tsohuwar ta saki haɓar, ta koma kan turminta. Ta daɗe tana jan carbi.

"Ɗiyar shekara talatin mi ya haɗa ta da maganin tamoji?"

Hawaye suka zubo wa Hindatu, gishirinsu ya bi ta kan ɗanyen naman, ta ji zafin har cikin kunnenta.

"Shekarunki nawa?"

Kalma uku ce, tana bakinta. Amma in ta faɗa, ta mayar da Abdulmumini maƙaryaci a gaban matar da ta goya shi. In ta ce talatin, ta zama ita ce maƙaryaciyar, da ruwan alwala a fuskarta.

"Gwaggo, wanda ya hwaɗa miki na farko, shi ya kamata ya hwaɗa miki na biyu."

Gwaggo ta kalle ta, kallon da ya fi na ɗazu tsawo.

"Kin rufa mai asiri, ko da shi bai rufa miki ba. To ji nan. Ni tsufa bai ba ni tsoro, ga shi nan ina yawo da shi. Haihuwa ta Allah ta, na ga ɗiyar sha takwas da ba ta samu ba. Abin da ban yi, ban aza gida bisa ƙarya. In na yi salla zan koma mota. Shi shigo shi gane ki haka, ba mayahi a huska. In ya hito ya hwaɗa min gaskiya da bakinai, ban tambaye shi ba, gobe da hantsi kawunnanshi na nan gidan. In ya yi shiru, ni ma na yi shiru, mu kama hanya tun da rana. Kin san hanyar ba a yi mata yamma."

*

A zaure ta same shi, ya sha farar shadda, yana wasa da makullin mota. Ya ji takunta ya juyo da murmushinsa.

Ta sauke mayafin zuwa kafaɗa.

Murmushin ya mutu. Ya ja da baya taki ɗaya. Taki ɗaya ne kawai, ya yi saurin dawo da ƙafar, amma ta gani.

"Hindu... wa ya yi miki haka?"

"Ni."

"Don me? Don Allah don me?"

"Shekara tara ka cire min a Bakura. Na ce bari in cire su a nan, kar a kama ka."

Ya dafe kai, ya jingina da bango.

"Ni na ce ki yi? Na taɓa cewa fuskarki ba ta yi min ba?"

"Ba ka taɓa ba. Ka dai ji kunyar faɗin shekarunta."

"Ba kunya ba ce. Ba ki san gidanmu ba, Hindu. In na ce talatin da tara, a ranar za su rufe maganar. Don in same ki na yi."

"Na sani. Shi ya sa ban tona ka ba. Ta tambaye ni, ido cikin ido, na ce ta tambaye ka."

Ya ɗago da sauri.

"Ta tambaya?"

"Tana mota tana jiranka. Ba za ta sake tambaya ba. In ka faɗa da kanka, gobe kawunnanka za su zo. In ba ka faɗa ba, shi ke nan."

Idanunsa suka cika. Ta san shi da taushin zuciya, shi ne ma abin da ya fara ja mata hankali, ranar da ya zo makarantarsu raba irin shuka ya tsaya yana lallashin wata yarinya da ta faɗi. Yanzu taushin nan ne yake ba ta tsoro.

"Matar nan ko sau ɗaya ban taɓa yi mata ƙarya ta kama ni ba," ya ce a hankali. "In na faɗa, duk dangi za su ji. Za a ce mace ta juya ni tun ba a ɗaura ba. Ki bari fuskar ta warke, in bi ta a hankali, mako biyu ko uku..."

"Gobe Juma'a, Abdul. Mutanen Maradun za su zo jin amsa, kuma na ba Yaya alkawari."

"Ki roƙe shi ya ƙara."

"Na roƙa sau biyar. Ba ni da bakin na shida." Ta matso kusa da shi. "Dube ni da kyau. Raliya ta ce baƙin nan zai iya kai wata shida, wani wurin ma ya bar tabo. Layukan kuma suna nan, babu inda suka je. Wannan ce matar. Talatin da tara, ga tabo a kai. Ni na ɗauki rabona na ƙaryar nan, ga shi kana gani. Naka rabon kalma uku ne."

"Ina son ki, Hindu. Wallahi ina son ki."

"Ban yi musu ba. Je ka faɗa mata."

Ya tsaya yana kallonta, wannan karon bai kau da ido ba, hawaye yana bin gemunsa. Ya share fuska da hannun riga, ya gyara hula, ya fita.

Hindatu ta matsa jikin ƙyauren zaure, ta kasa kunne. Ba ta leƙa ba.

Ta ji takunsa a kan tsakuwa. Ta ji an buɗe ƙofar mota, an rufe. Ta ji muryar Gwaggo, gajeriya: "To?"

Shiru ya biyo baya. Wani mai babur ya wuce, akuya ta yi kuka a maƙwabta. Hindatu ta damƙe bakin mayafinta tana motsa leɓe, tana faɗa masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda take yi wa ɗalibin da karatu ya maƙale wa. Talatin. Da. Tara.

Sai ta ji an tayar da mota.